Sakainar Kaka Tabita

Garwa ba garin jin ɗumi ba ne. Duk wanda ya ce maka sanyi ya kama shi a Garwa, ka taɓa goshinsa, zazzaɓi ne. Wutar da muke zama gabanta ni da Kaka Tabita ta korar sauro ce kawai. Da mun gama cin tuwo, kafin duhu ya rufa, sai ta tura ɓawon gyaɗa da ɗanyen ganyen darbejiya cikin murhu, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, mu zauna muna ta hawaye ba wanda ya mutu.

Mu biyu ne rak a gidan. Mahaifiyata ta rasu ban san fuskarta ba. Baba direban kamyo ne, wato babbar motar ɗaukar kaya, tun da jirgin ƙasa ya iso Ngawundere ya zama ɗan hanya, sai mu yi mako uku ba mu ji ƙarar motarsa ba. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, wanda hotonsa ke rataye a ajinmu na lekol, wato makarantar boko. Gidanmu shi ne na ƙarshe a unguwar Hausawa, daga shi sai gangaren da ya sauka zuwa kogin Binuwai.

Kiristoci ne mu, kuma Hausa muke ji. A Garwar wancan lokaci wannan ya ishi mutum kaɗaici. A unguwa an san mu da 'yan majami'a. A majami'a kuwa da Fulatanci da Faransanci ake sujada, mata su gaishe mu da "Jam na?", mu amsa, magana ta ƙare. Kaka takan ce mu jemagu ne, tsuntsaye sun ce muna da haƙora, ɓeraye sun ce muna da fiffike. Ita dariya abin yake ba ta. Ni ba ya ba ni.

Dariyar tata ma haushi take ba ni a lokacin. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, haƙora huɗu suka rage mata, wuyanta ya ɗan karkace saboda ɗaukar tulu, amma ko wanke-wanke take yi sai ka ji tana rera waƙar da ita ta ƙaga abinta, tana kiran sunan Yesu kamar wani maƙwabcin da ya saba leƙowa. Kuma tana da wata ɗabi'a da ta hana ni sakewa. Baba ya sayo mana kofunan tangaran guda shida masu furanni daga Ngawundere, amma Kaka ba ta shan ruwa sai da wata tsohuwar sakaina, ɓarin ƙwarya da ya yi baƙi, da tsaga a gindinsa. Takan tara tafin hannunta na hagu a ƙarƙashin tsagar, ta sha, ta yi ajiyar zuciya, ta mayar da ita cikin ragaya kusa da randa.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai ɗaya da ba ta gajiya da ita. Takan gyara zama ta ce, "Ƙawata, ga wata nan tafe, ko takalmi ba ta da shi." Ni kuma in ce, "Ta shigo, an share mata wuri."

Wai an yi wata baiwa a gidan wani attajiri, ita ke ɗebo wa gidan ruwa daga kogi, sawu goma sha biyu kullum. Randunan gidan duk ita ke cika su, amma ba ta da izinin taɓa moɗar da 'yan gida ke sha da ita. An ba ta tsagaggiyar sakaina aka ce nata ke nan. Kafin ta kai baki rabin ruwan ya tsiyaye, ga uwar gida na ƙwala mata kira. Haka ta girma, ruwa a kanta, ƙishi a maƙogwaronta. Rannan a bakin kogi sai ga wani baƙo ya ce ta ba shi ruwa ya sha. Ta ce tulun ba nata ba ne, sakainar kuwa ta bayi ce, ɗa ba ya sa mata baki. Baƙon ya ce ita yake so. Ya karɓa ya sha. Sannan ya sake cika ta, ya tara tafinsa a ƙarƙashin tsagar, ya kai mata baki, ya ce ta sha a hankali, ba mai kiran ta. Ta sha, ta sha, har ta ji cikinta ya ɗauka. Da ya janye hannunsa ta ga ashe shi ma tafinsa a huje yake.

A nan Kaka takan tsaya ta tura itace cikin wuta, don ta ja mini rai.

"Sai me, Kaka?"

"Sai ta ɗauki tulunta ta koma gida tana dariya. Uwar gida ta ce, ke, wa ya 'yanta ki kike wa mutane dariya? Ta ce, ranki ya daɗe, na sha ne na ƙoshi. Ta ƙare a nan. Mai jin ƙishi ya tashi ya sha."

Ni kam ban ga abin daɗi a tatsuniyar ba. Ba a kashe dodo ba, baiwar ba ta auri ɗan sarki ba, tulun ma ba a sauke mata ba. Nakan ce, "Kaka, wannan ai ba ta ƙare ba." Sai ta ce, "Ke ce dai ba ki ƙarasa ji ba."

Ina da shekara tara na yi ƙawa, karo na farko a rayuwata. Sunanta Balaraba, 'yar wani falke mai sayar da atamfa, benci ɗaya muke zama a lekol. Ita ta fara yi mini magana, don na fi ta iya lissafi, ni kuma na manne mata har Kaka tana tsokanata wai an sace mata ƙawa. Wata Alhamis da ba makaranta ta ja ni gidansu. Mahaifiyarta mace ce mai kirki, ba zan ci amanarta ba: ta cika mini kwano da dambu, ta tambayi lafiyar Kaka, ta sa mini albarka. Da na ƙoshi na nufi randa na miƙa hannu ga moɗa, sai ta ce, "Tsaya, 'yata." Ta shiga ɗaki ta fito da wani gwangwanin madara da aka wanke, ta zuba mini a ciki. Da na gama ta kife shi can gefe a kan katanga. Ba ta ɗaure fuska ba, haka ta taso ta ga ana yi. Balaraba ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanya Balaraba ta ce za ta zo gidanmu ran Asabar. Tun daga nan na ƙudura abu ɗaya a raina: sai ta sha ruwa a gidanmu. A tunanina na yarinya, idan ta sa baki a kofinmu to mun zama ɗaya, ƙawancen ya tsaya da ƙafarsa. Idan ba ta sha ba, na koma ni kaɗai a benci.

Na wanke kofunan tangaran da toka har sau uku. Na share tsakar gida. Sai idona ya faɗa kan ragaya. Na ce a raina, yaya za a yi 'yar gidan atamfa ta ga kakata tana shan ruwa da abin da ko kaji ba a ba su ruwa da shi? Ran Juma'a da yamma, Kaka ta zagaya bayan ɗaki, na zaro sakainar na cusa ta cikin murhu a ƙarƙashin tukunyar tuwo. Busasshiyar ƙwarya ba ta gardama da wuta. Kafin Kaka ta dawo ta cinye.

Da ta nemi abarta ta rasa, ta dubi murhu, ta dube ni. Sai ta juya ta hau tuƙa tuwo. Ranar ba a yi tatsuniya ba, kuma ban ga ta sha ruwa ba.

Balaraba ta zo da hantsi. Ta durƙusa ta gaida Kaka, muka yi 'yar carafke a gindin darbejiya har rana ta take. Sai na tashi na cika kofin da ya fi kowanne kyau, na kawo mata da hannu biyu. Ta dubi kofin. Leɓenta a bushe yake, na gani da idona.

"Na ƙoshi," in ji ta.

"Sabo ne fa. Ba wanda ya taɓa sha da shi."

"Rifkatu, Inna ta ce in yi wasa, amma kar in ci kar in sha." Ta faɗa a hankali, kamar mai roƙon gafara. Ba ta daɗe ba ta ce rana ta yi, ta tafi.

Na tsaya da kofi a hannu a tsakiyar gida. Ba tsuntsu ba tarko. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ba ya fita da sauti. Sai na ji an karɓe kofin. Kaka ce. Ta kafa kai ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu.

"Kai, ashe haka ruwa yake da daɗi a kofin masu gari! Ƙawata, da kin ƙona ta tun bara."

Da yamma ta tura ganye cikin wuta kamar kullum, amma ba ta ce ga wata nan tafe ba. Ta ce, "Matso. Yau ba tatsuniya ba ce." A ranar na san an ɗauko ta daga wani ƙauyen kan dutse tana ƙarama, ba ta san sunansa ba, harshen uwarta ma ya ɓace mata, shi ya sa ba ta da wani yare sai Hausar gidan da ta yi wa bauta. Sakainar da na ƙona ita ce aka ba ta a gidan. Baƙon kuwa wata mata ce mai bishara da ta zo daga wajen Yola, ta same ta a bakin Binuwai, ta sha da sakainar, ta tara mata hannu, sannan ta ba ta labarin Yesu wanda aka huda wa tafi don a fanshi irinta.

"Shekara bakwai na ƙara a gidan bayan nan," in ji ta. "Da maigidan ya rasu, zamani kuma ya juya, aka ce in ɗauki ɗana in tafi. Kin san ban ji komai ba a ranar? Ai na riga na fita tun a bakin kogi. Tulu ne kawai ya rage a kaina."

Na ce cikin kuka, "Kaka, ki yafe mini. Na ƙona miki."

"Na ji zafi jiya, ba zan ɓoye miki ba. Ban da ɗana, ita kaɗai na fito da ita daga gidan. Na kwana ina yi wa Mai Cetona ƙorafi, sai na ga abin dariya ne, tsohuwa da ni ina makokin ɓarin ƙwarya. Ba ita ta shayar da ni ba, 'yar nan. Hannun ne." Ta ja kunnena kaɗan. "Ita kuma Balaraba kar ki riƙe ta a rai. Da ƙishinta ta tafi, ke kin fi ta sauƙi."

Ban daina zama benci ɗaya da Balaraba ba, amma abin bai koma kamar da ba, kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Bayan shekara biyu suka tashi zuwa Marwa. Ban sake yin wata ƙawa a unguwar ba.

Kaka ta rasu ina da shekara goma sha shida, a tsakiyar bazara, Baba yana hanya. Kwana uku na ƙarshe ba ta iya riƙe kofi, in na kai mata baki sai ya bugi dasashinta ruwan ya zube a wuya. Na rasa yadda zan yi. Sai na wanke hannuna, na kamfato ruwa a tafuka biyu, na kai mata. Yana tsiyaya ta tsakanin yatsuna, tana kurɓa a hankali. Ta buɗe ido ta dube ni, ta yi 'yar dariyar nan tata mai haƙora huɗu.

"Yanzu kin ƙarasa ji," in ji ta.

Yau na wuce shekarun da take da su lokacin da take ba ni wannan tatsuniya. Ina zaune a Lagdo, mijina ya rasu, 'ya'yana suna kudu, gidan shiru sai kukan tsuntsayen ruwa. Kaɗaicin da na sani a Garwa bai bar ni ba, tare muka tsufa. Na daɗe ina zaton ceto shi ne a sauke wa mutum tulu, a ba shi moɗar 'yan gida, a ce ya zauna cikin mutane. Kaka ba ta samu ko ɗaya a kan lokaci ba, amma ban taɓa ganin wanda ya kai ta walwala ba. Ni an ba ni gwangwani sau ɗaya na ɗauki ciwon shekara da shekaru, ita ta sha da sakaina kusan duk rayuwarta tana waƙa.

Ran Lahadin da ake Jibin Ubangiji a 'yar majami'armu, kofi ɗaya ne yake zagayawa, masunta da masu bandar kifi da ni, kowa ya sa baki inda ɗan'uwansa ya sa. In ya iso gare ni, hannuna na hagu yakan tafi ƙarƙashinsa da kansa, ko da yake kofin ba ya yoyo. Wata yarinya ta taɓa tambayata dalili. Na buɗe baki zan ba ta amsa sai dariya ta kama ni, a gaban fasto da kowa, na kasa tsayar da ita.