Motar Baba da Ɗakin Mma

A tsakar gidanmu da ke unguwar Nima a Akra akwai wata mota da ta shekara fiye da ashirin ba ta taka titi ba. Ta mahaifina ce, doguwa, ruwan toka, ƙirar Faransa, mai hoton zaki a hanci. Da ita ya yi jigilar fasinja daga Akra zuwa arewa tun ba a haife ni ba.

Baba bai yi boko ba, amma tarihin masu ƙera motoci a kansa yake. Wurin wani tsohon makanike ɗan Togo ya kwaso shi. In ya zauna bayan la'asar sai ya ce masu zakin nan da zarto da injin niƙa kofi suka fara, suka koma keke, kafin su kai ga mota. Wai akwai wani a Italiya da ya fara da taraktar noma ya ƙare da motar tsere. Mu dai hamma muke yi, shi ko a jikinsa.

Baba maigida ne irin na zango. Duk baƙon da ya sauka daga arewa ko Nijar ba shi da kowa, gidanmu ake nuna masa. In ya daɗe, sai Baba ya nuna masa gefe ya ce ya sa bulo ya yi ɗaki. Ɗakin nasa ne muddin yana tsaye, ranar da ya faɗi kuwa fili ya koma ga masu gida. A shekarar da injin motar ya buga aka turo ta ciki ana jiran kayan gyara daga Lome, wani mahauci ya iso da matarsa. Babu sauran wuri sai mashigar mota. Baba ya ce su yi na wucin gadi. Kafin kayan su zo matar ta haihu, kuma wa zai tashi mai jego? Inji ya gyaru, mota ta tashi, amma hanya ta zama lungun da mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa.

Tun daga nan, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya tayar da ita, ya zauna a ciki yana sauraron inji. Da ciwon ajali ya kama shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Motan nan, kar ka bari 'yan kwandam su yanka shi." Masu sayen tsohon ƙarfe yake nufi. Na ce masa na yi alkawari.

Bayan rasuwarsa gida ya watse. Yayyena suna Turai, matata ta rasu, ba mu samu haihuwa ba. Tsoffin baƙin Baba wasu sun mutu, wasu sun koma gida, 'yan haya da ba su san ni ba suka cika ɗakunan. Sai na tsinci kaina ina shiga motar ba ma sai Juma'a ba. Kujerar tana ƙamshin goro da turarensa. A nan nake cin wake da shinkafata ni kaɗai, kuma kaɗaicin yana ci na sosai.

Bara yayyena suka bugo waya, wai bene za su gina a tsakar gida, a fitar da wannan akwalar. Akwala! Mutanen da akwalar ta kai su makaranta. Na yi faɗa har muryata ta dushe, amma su uku ne, gadon kuma namu ne duka. Babban yayana ya turo wani attajiri mai tara tsoffin motoci. Mutumin ya duƙa da farar rigarsa ya duba lambar inji, ya shafa zakin, ya ce zai mayar da ita kamar ranar da ta sauka daga jirgi. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Sai ya auna lungu. Motar ɗaga kaya ba ta iya kusantar mu, wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama. Hanya ɗaya ce, a rushe ɗakin mahaucin. Shi ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun bazu, saura matarsa da muke kira Mma, tsohuwa da ido ya tafi, da laluben bango take gane ko'ina. Attajirin ya ce zai sake gina mata. Yayana ya ce a waya, "In ya faɗi ya faɗi. Ƙofar gida za mu sa a wurin."

Na je wurin Mma ban san me zan ce ba. Ashe labari ya riga ni. Tana zaune a bakin gado, ta ƙulle kayanta kaf a zani ɗaya.

"Maigida ƙarami, na ji," in ji ta. "Ɗakin na baabanka ne, motan ma nashi ne. Ka bar ni in kai jibi."

Na tambaye ta ina za ta. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Na durƙusa na kwance ƙullin da hannuna, na mayar mata da kwanoni inda suke.

Mako biyu bayan haka bulon bene ya iso, na kira 'yan kwandam da kaina su yanka motar su fitar da ita ta lungu. Ranar na tafi Kasuwar Malam Atta don kada in gani. Na yi ta zagayawa tsakanin masu doya da masu tumatir ban sayi ko albasa ba, na ɗauka an gama, na dawo. A tsakiyar lungu muka yi kiciɓis. Mutum biyu ne ɗauke da ƙofar direba, gilashinta a sauke rabi yadda na bar shi. Na gaban bai san ni ba.

"Massa, ba mu hanya," ya ce.

Na manne bayana da bangon ɗakin Mma, suka wuce. Na yi musu sannu da aiki.