Likita Ya Ce Dama, Ni Na Ji Da Dama

A shekarun da ake ta rigimar siyasa a Togo, ni direban babbar mota ne, ina zaune a Zangon Sokode, ina jigilar albasa daga arewa. Daga Nijar muka zo, Faransancina bai wuce na gaida jandarma a shinge ba, amma ina ji da kaina kamar na haddace shi. Mahaifina yana garin Dapaong, can arewacin Togo, yana karantarwa. Wata tafiya na tarar ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ciki ya tashi, jijiyar wuyansa tana harbawa ana gani daga nesa.

Na kai shi wani asibiti, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likita ya ɗaga hoton yana nuni yana zuba Faransanci, wani ma'aikaci da ya tsinci Hausa a kasuwa yana fassara mana. Cikin maganarsa na kama kalma biyu, zuciya da dama. Sai na ji sanyi a raina, na ɗauka cewa ya yi zuciyar da dama, wato da sauƙi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne fuskar likitan ba ta yi kama da ta mai albishir ba, kuma ya rubuta takarda ya ce a je Lome, babban birni can kudu, a yi wani hoton wai shi eko. Na ce a raina, mai sauƙi me zai kai shi Lome, ga hanya duk shinge da ƙone-ƙonen taya? Ban tambaya ba, don kada a ce ban gane ba. Na gaya wa Baba likita ya ce da dama, na cusa takardar a aljihun mota.

Bayan watanni na ɗauko Baba zuwa Sokode, numfashi yana yi masa wuya. Wani maƙwabcina, tsohon malamin asibiti, ya nemi ganin takardar. Da ya karanta sai ya tambaye ni tun yaushe take hannuna. Ya bayyana min cewa zuciya tana da ɓangaren dama da na hagu. Ni kuwa duk rayuwata na san zuciya a hagu take, ina dama ta fito? Ya ce akwai wata ƙofa a ɓangaren dama da ta daina rufuwa sosai, jini yana komawa baya, shi ne kumburin. Hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa, eko ne ke nuna ƙofar tana motsi da sauran ƙarfin da ya rage wa ɓangaren, daga nan a san maganin da ya dace. Ya nuna min inda likitan ya ja layi biyu ƙarƙashin kalmar gaggawa.

Muka shirya tafiya, sai yajin aiki ya rufe ko'ina. Baba bai ga Lome ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne, har ranarsa ta ƙarshe, duk wanda ya zo dubiya ya tambayi jiki, sai ya amsa da dama, ya ƙara da cewa ɗansa ya ji daga bakin likita.

Kwana na Allah ne, na sani, kuma ban san ko hoton zai canza wani abu ba. Har yau ma na kasa rabewa, kuskuren ji na yi, ko tsoron hanya ne ya zaɓar min abin da zan ji. 'Yan'uwa, in likita ya yi muku bayani ta bakin tafinta, ku maimaita masa abin da kuka fahimta, ku kai takardar a karanta muku a ranar. Ni kunyar tambaya ɗaya na ji, kuma Baba ya yarda da ni.