Ranar da Tabulet Ɗin Kawu Ya Hau Kwamfuta

Kawuna shi ne shugaban ƙungiyar manoman albasa na unguwarsu a Aliero. Wata shekara ya je taron bita, ya dawo da tabulet, irin wayar nan mai faɗin faranti. Ni kuwa ina koyarwa a Maiyama, kuma tun da na taɓa gyara masa agogon waya, dangi suka yanke cewa injiniya ne ni.

A cikin tabulet ɗin akwai bidiyon yadda ake gina rumbun albasa mai shan iska. Kawu ya so mambobi su gani, amma ba ya son hannuwan da suka wuni a fadama su taɓa masa kaya. Ofishin ƙungiya kuwa yana da kwamfutar tebur, lulluɓe da zane, wadda aikinta kawai a nuna wa baƙi.

"Kai ɗan nan," in ji shi, "so nika abin da ka cikin wanga shi hito cikin waccan."

Muka tafi Jega wajen wani mai gyaran waya. Ya juya tabulet ɗin gaba da baya, ya tsuke baki, ya ce sai an yi masa rutin, wato a ɓalle makullan da kamfani ya sa a ciki.

"In an ɓalle, mi ka faruwa?" Kawu ya tambaya.

"Wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya mutu, Alhaji."

Kawu ya karɓe abinsa, ya goge da hannun riga, ya ce ko akuya ba ya kai wa likitan da ke magana haka.

A ƙarshe abin bai kai ga tiyata ba. Na yi ta bincike har na samu wata manhaja da ake sa wa na'urorin biyu, a haɗa su da intanet ɗin wayata, sai fuskar tabulet ta bayyana a kwamfuta. Na yi wa Kawu bayani cewa duk abin da ya taɓa, jama'a za su gani. Ya ce ya gane tun kafin in buɗe baki.

Ranar taro aka tayar da janareto, aka juya kwamfutar ta fuskanci tabarmi. Har daga Karaye ta wajen Maiyama wasu suka zo. Kawu ya zauna a kujera yana fuskantar jama'a, kwamfutar tana bayansa. Ya yi jawabi mai tsawo kan zamani da waɗanda zamani ya bari a baya, sannan ya danna.

Bidiyon rumbu bai fito ba. Hotonsa ne ya cika allo, sanye da jar hula, ya ɗaga yatsa sama kamar mai rantsuwa. Ya shafa don ya wuce, sai ga shi da farar hula, ya dafe ƙirji. Ya sake shafawa, ga shi rungume da buhun albasa yana kallon nesa. A ƙasan hoton an rubuta: Kansilan Gobe.

Na yi gyaran murya. "Kawu, ana gani fa."

"To ai don a gani munka taru," ya ce, bai waiwayo ba.

Wani dattijo daga Karaye ya ɗaga hannu. "Shugaba, koma baya kaɗan. Jar ta hi yi maka kyau."

Sai a lokacin ya juya. Na ɗauka zai kashe na'urar, ko ya kore ni. Ya daɗe yana kallon kansa a babban allo, ya gyara zama, ya ce, "Kuna ganin jar?"

Nan taro ya rabu biyu. Masu goyon bayan jar hula suka ce tana da kwarjini, masu fara suka ce jar ta mai da shi kamar dillalin shanu. Ma'ajin ƙungiya ya ce buhun da ke hoton ma ba albasar Kawu ba ce, ya san ɗinkin bakinsa. Ana cikin haka saƙon Inna, matar Kawu, ya faɗo saman allo, wani ya karanta da ƙarfi: "In kun gama surutun ku taho da daddawa." Masu fara suka ce ko ita ta gaji da jar.

Janareto ya shanye mansa kafin a kai ga rumbu. Aka watse, kowa yana yaba ci gaba.

A hanyar gida na ce masa ko za mu sake kiran taro don bidiyon. Ya ce sai bayan zaɓe. Jam'iyya kuwa ta ba wani tikitin tun kafin a buga fasta. Daga baya ni na kalli bidiyon a ɗakina a Maiyama, ni da ba ni da ko kunya ɗaya ta albasa a gona, kuma gaskiya rumbun ya yi kyau.