Ɗacin da Malam Idirisu Ya Nema

Malam Idirisu haifaffen unguwar New Bell ne a birnin Douala, kakansa ne ya zo garin da fataucin goro. Ya yi boko da Faransanci, ya samu aiki a wani kamfanin giya, a ɗakin da ake gwajin ruwa da tsiron hatsi. Har ya yi ritaya bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma ƙamshin ublon, wani busasshen fure mai ɗaci da ake zuba mata, ya zauna masa a hanci. A unguwa ana gaisawa da shi lafiya lau, sai dai ba a jan zancen aikinsa.

Da ya dawo zaman gida sai ya ƙudurta haɗa abin sha mai wannan ɗaci da ƙamshi, wanda ba ya bugarwa, wanda ko liman zai iya sha. Ya hau babur har kasuwar Grand Hangar ya sayo dawa, ya jiƙa ta ta tsira, ya riƙa shanyawa duk sanda ruwan sama ya tsagaita. Wani tsohon abokin aikinsa a unguwar Logbaba ya ba shi ublon a leda. Ya dafa a tukunyar matarsa Sa'ida, ya tace, ya ɗura a kwalabe.

Zafin Douala bai bar shi ba. Kafin a jima ruwan ya fara kumfa, ya gwada ya ga barasa ta shigo, ko da 'yar kaɗan ce. Ya zubar a kwata. Ya sake, ya rage zaƙi, ya sa a firiji, aka ɗauke wuta, kwalabe suka fashe. Haka ya yi ta fama har damina ta zagayo. Maƙwabta suka fara tambayar Sa'ida warin me ke fitowa daga gidansu, ita kuwa ta gaji da cewa magani ne.

Wata rana da hantsi Sa'ida ta same shi tsugune a bakin famfo, ya kasa miƙewa saboda ciwon baya.

"Malam, wai wa kake yi wa wannan wahalar?"

Ya ce shi ma bai sani ba, abin da hannunsa ya iya ke nan.

Bai sake jiƙa dawa ba. Sa'ida ta kwashe kwalaben da suka rage, tana ɗura zoɓo da citta tana sayarwa a ƙofar gida. Shi ke wanke mata su kullum da safe, a zaune kan benci, rediyo na magana a gefensa.