Dattijon da Ya Shimfiɗa Mana Tayil

A majami'armu ta Gusau akwai wani dattijon ikilisiya, ɗan kwangila, wanda ke hawa mumbari duk ranar da fasto ya yi tafiya. Wa'azinsa bai wuce tausayin matalauta ba. Yakan kawo misalin attajirin da ya bar miskini kwance a ƙofarsa, murya na rawa, sannan ya ciro farin hankici ya dangwali ido. Kusa nake zama, a layin mata tare da Innata, ban taɓa ganin hankicin ya jiƙe ba.

Shi ya shimfiɗa mana tayil, tun daga mumbari har baranda. Bai bari mun manta ba ko Lahadi ɗaya.

Ana shirin bikin keɓe tayil ɗin wani tsoho ya iso da matarsa daga wani ƙauye a bayan Tsafe. 'Yan bindiga sun ƙone musu rumbuna, sun kore shanun huɗa. Masu bi ne tun na kakanni, ba su san kowa a gari ba, sai suka nufo majami'a. Fasto ya ce su zauna a baranda kafin a samo ɗaki. Matar ta kafa murhu a gefen katanga, hayaƙi ya ɗan taɓa bango.

Ranar Asabar muna shara dattijon ya shigo da motarsa. Bai dubi tsohon ba, ƙasa ya duba.

"Baba," ya ce, "talauci gwaji ne, mai haƙuri na da lada a sama. Amma gobe manyan baƙi na tafe. A ɗan matsa."

Tsohon ya ce, "Mu matsa ina, ranka shi daɗe?"

"Ubangiji zai tanada."

Gidansa a unguwar Damba bene ne, ɗakunan ƙasa a kulle, ba kowa ciki sai ƙura. Duk wanda ke riƙe da tsintsiya a wurin ya san haka. Fasto ya sunkuyar da kai yana gyara kujera, don rufin ofis ma alkawarin mutumin nan ne.

Inna ta jingine tsintsiyarta ta ce, "Dattijo, wanga miskini da kake ba mu labari, ashe ga shi ya iso ƙofa."

Ya yi murmushi irin na wanda aka taka wa sabon takalmi, ya ce mata ba su gane tsarin ikilisiya. Inna ta ɗora tukunyar matar a ka, ta ce ita da tsohon su biyo ta.

Ɗakin da nake ɗinki muka ba su, na fito da keke tsakar gida. Tsohon ba mai son zama ba ne, kullum maganarsa gona. Inna na sayen hatsi wurin wani Alhaji mutumin Bungudu, ta ba shi labari. Bai yi wa'azi ba, cewa kawai ya yi yana da fili a gindin duwatsun Kwatarkwashi, tsoho ya je ya noma. Da ruwa ya sauka suka koma can.

Ranar godiyar kaka tsohon ya shigo majami'a da damin gero a ka, ya rame amma ƙafarsa da ƙarfi. A al'adarmu akan yi gwanjon abin da aka kawo, kuɗin ya shiga asusun mabukata. Da aka ɗaga damin, dattijon ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya taya da tsada har aka tafa. Sai ya karɓi makirufo.

"Kun ga wannan bawan Allah? Da ya zo ba shi da ko tabarma. Mu muka riƙe shi."

Aka ce amin. Wasu har da guɗa, cikinsu da waɗanda muka yi shara tare. Na dubi bakin da ya faɗi wannan magana, yana ƙyalli da man kajin da aka soya wa manyan baƙi, na ji ko tsaki ya fi ƙarfinsa.

Da aka tashi tsohon ya biyo mu gida, ya kwance wani ƙullin gero da ya ɓoye wa Inna, ya ce ta yi fura. Ya ci tuwo, ya tafi tasha da sauran rana, don wake na jiransa a gona.