Na'am Daga Ramin Kunkuru

Ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba. A wurinmu uwa ba ta yin haka. "Yaron nan" nake cewa, ko "kai", in kuma da mahaifinsa nake magana in ce "ɗanka". Yaron ya rasu a daminar bara bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki, ya bar mini ɗan kunkuru wanda bai fi tafin hannuna ba. Tun daga rasuwarsa sunan nan yake tsaye a maƙogwarona, bai fita ba, bai kuma koma ba. Shi ya sa kwanakin nan nake yawan tuna Inna Kulu, kakata ta wajen uba, da wata tatsuniya tata da na daɗe ina zaton don tsorata yara kawai take yin ta.

A wani ƙauye gefen Kajiji na tashi, cikin ƙasar Shagari. Inna Kulu da damina ta fi yin tatsuniya, don lokacin ne ruwa yake hana mu fita dandali. Da an ci tuwo bayan magariba sai mu tattaru a madafinta, ɗan ɗakin ƙasa mai jinka wanda hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin. Ba sanyi ke kai mu bakin wuta ba, gumi ma muke yi. Hayaƙin ɗanyen icce ne yake korar sauro, kuma nan ne kaɗai tabarma ba ta warin danshi. Kwaɗi suna ta yi a fadama, ruwa yana ɗiga daga jinka cikin wata tsohuwar ƙwarya, ita kuma tana juya mana masara a kan garwashi da yatsunta, kamar wuta ba ta san ta ba.

A wata irin wannan daminar Lawali, ɗan baffana, ya tsinto ɗan kunkuru a gona wajen noma. Ya taɓa jin an ce kunkuru yana gyara ruwan sha, sai ya jefa shi cikin randar Inna ya rufe da faifai, bai gaya wa kowa ba. Allah ya sa ba a jima ba ta je ɗiban ruwan alwala, moɗa ta bugi wani abu mai tauri.

"Wa yas saka bawan Allah ga cikin ruwa?" in ji ta.

Lawali ya ce shi ne, yana jiran a yaba masa.

"Labarin kififiya kaj ji, miji marar wayo. Wanga na tudu na. Da kai da shi duk ba mai iya iyo."

Ta ce in dai hankalin nasa ke nan ta fasa auren, ya zo ya kwashe goronsa. Muna dariya, ita kuwa tana goge kunkurun da gefen zanenta. Ta kifa shi kaɗan ruwa ya fito ta hancinsa. Ta zuba busasshen yashi a kasko, ta ajiye shi gefen murhu inda ɗumi yake kaiwa amma wuta ba ta kaiwa. A nan ta koya mana renonsa. Ta ce damina ce ke ciyar da shi, ita ce kuma ke kashe ƙanana, don ƙoƙon bayansu bai gama tauri ba, in suka kwana kan jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ka ga kumfa a hanci, ido ya kumbura. A fitar da shi da hantsi ya sha rana, a kife shi da kwando saboda shaho. Ciyawa zai ci, da ganyen wake da yaɗiya, kada wanda ya tura masa tuwo. Ruwa kuwa a murfin kwano, wanda ba zai wuce haɓarsa ba.

Daren ne ta fara yi mana tatsuniyar. Ita ba ta buɗewa yadda kowa yake buɗewa. Cewa take, "Ga ta nan tahe, ruwa ya ba ta kashi." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta sha ɗumi."

Wata mata ce, in ji ta, a wani gari bakin fadama, shekarar da aka yi ruwa har katangu suka narke. Tana da ɗan fari, Haliru. Ba ta taɓa faɗin sunan ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kamar yadda kunya ta tanada. Yaron yana da ɗan kunkuru da yake kiwo. Sai ciwo ya kama yaron, ya rasu. Ranar makoki ita ce mai kai wa baƙi ruwa, idonta a bushe, kowa yana yabon haƙurinta.

Da mutane suka watse sai ta ga kunkurun ya haƙa rami a gindin rumbu ya shige. Ta ce a ranta, wannan dai ƙasa yake shiga, can inda aka kai wancan. Da magariba ta faki ido, ta durƙusa, ta kai bakinta ramin, ta zuba sunan a ciki.

A nan Inna Kulu takan sunkuya kan kaskon, ta ja sunan a hankali: "Haliiiru."

Ranar farko shiru. Washegari matar ta sake kira, sai aka amsa daga can ƙasa, nesa ƙwarai. Amsawar aikinmu ce. Inna ta koya mana: "Ku amsa mani, amma ku yi nisa da murya." Sai mu haɗa baki mu ce "na'am" ƙasa-ƙasa, muna matse juna.

Kullum matar ta kira, muryar sai ta ƙara matsowa. Kunkurun yana fitowa da safe da jar ƙasa a bayansa, alhali ƙasar gidan baƙa ce. Jar ƙasa sai maƙabarta. Muryar ta tashi daga ƙasan rami ta dawo tsakiyarsa, daga nan bakinsa, daga nan bayan rumbu. Mu ma muna ƙara ɗaga murya kaɗan-kaɗan yadda Inna ta nuna mana da hannu. Wata safiya matar ta ga sawun ƙananan ƙafafu a jiƙe, sun taso daga rumbu sun tsaya a tsakar gida. Ta share su da tsintsiya. Da magariba ta sake kira, don baki ya riga ya saba.

Rannan a ƙofar ɗakinta aka amsa. Tana zaune ta ba ƙofa baya, tana jin ruwa yana ɗiga daga jikin mai tsayuwar. Sai muryar ta ce, "Inna, na amsa. Aiken mi za a yi mani?"

Inna Kulu takan tsaya a nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ai uwa ba ta kiran ɗa sai da aike, kuma wanda aka taso daga wannan barcin ba ya komawa sai an sallame shi. In ta waiwaya ta tafi tare da shi. In ta yi shiru zai tsaya nan har abada, a jiƙe.

Matar ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Ba aike na ba. So nay yi in ji sunan ga bakina. Koma ka kwanta."

Sai ɗigar ruwan ta yi nisa, ta yi nisa, har ta ɓace. Matar ba ta ƙara kira ba. Kunkurun ya girma, ya binne ta, ya binne jikokinta.

Inna ba ta rufe wannan da kan ɓera kamar sauran tatsuniyoyi. Toka kawai take turawa kan garwashi, ta ce ta koma inda ta fito, kowa ya tashi sallah.

Mun sha neman ta yi mana ita, don yara suna son abin da ke tsorata su. Ba kullum take yarda ba, sai ranar da ruwa ya wuni yana zuba. Akwai kuma daren da har yau ban san yadda zan faɗe shi ba. Ta sunkuya ta kira sunan, mun ja numfashi za mu amsa, sai aka riga mu. Murya ɗaya ce, siririya, daga wajen ƙofa. Kowa ya dubi Lawali, don shi ne mai irin wannan tsiya, amma yana tsakiyarmu da masara cike da baki. Ya rantse ba shi ba ne, har ya fara kuka. Wataƙila akuya ce a rumfa, wataƙila ɗaya daga cikin ƙananan ne ya kasa jira kuma tsoro ya hana shi faɗa. Abin da na gani da idona shi ne Inna ba ta waiwaya ba. Ta tsallake tsakiyar tatsuniyar gaba ɗaya, ta tafi kai tsaye wurin sallamar, ta faɗe ta da wata murya da ban san ta da ita ba. Daminar nan ba ta sake yi mana ita ba.

Kunkurun Lawali ya rayu. Da ya yi ƙarfi ya haƙa ta ƙarƙashin danga ya koma daji. Ni kuma aka kawo ni aure Bodinga, tatsuniyar ta kwanta a raina tare da sauran abubuwan ƙuruciya.

Ina goyon yaron nan Inna Kulu ta rasu. A zaman makoki Goggo Hajo, yayar mahaifina, tana lissafa wa wasu baƙi 'ya'yan marigayiya, na raye da na mace, don a sa su a addu'a. Na zaci da kanta za ta fara, don ita muka sani babba. Sai na ji ta fara da Haliru.

Na jira baƙin suka tashi, na tambaye ta wane Haliru. Ta dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani.

"Ɗanta na hwari mana. Ko kaciya bai kai ba. Wata damina ta yar rasu, ni ina cikinta."

Na ce ban taɓa jin Inna ta ambace shi ba. Goggo ta ce yo ina za ta ambace shi, ɗan fari.

Na tashi na shiga madafin, na tsaya ina kallon murhun da ya mutu. Ashe duk shekarun nan da ta tara mu tana gasa mana masara, wuri take nema inda za ta faɗi sunan ɗanta da ƙarfi ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ashe mu kuma aron bakinmu take yi, don a amsa mata. Na yi mata kuka ranar, amma kukan wanda ya gane abu da kai ne kawai. Yaron nan yana bayana yana barci, numfashinsa yana dukan wuyana.

Kawunsa ne ya kawo masa kunkurun daga gonarsu ta Dingyaɗi. Ni na koya masa renon, kalma-kalma yadda na ji: yashi busasshe, ranar hantsi, kwando, murfin kwano. Yana dawowa daga makaranta, kafin ya cire riga, sai ya je ya ɗaga kwando. Da ya kwanta ciwo, abin da ya fi tambaya shi ne ko an shigar da kunkurun kafin ruwa ya sauko.

Bayan rasuwarsa mahaifinsa ya ce a mayar da kunkurun gona, ganinsa yana tayar mini da hankali. Na ce a bar shi. Ya yi masa 'yar rumfa da guntun kwanon rufi a bayan ɗaki, ya tara yashi ya yi tudu don kada ruwa ya kwanta. Da rani kunkurun ya haƙa ramin kansa a nan. Yanzu damina ta dawo, ƙasa tana gumi, yana fitowa da safe ya ci ganyen wake ya koma.

Na san abin da addini ya koya mana. Wanda ya tafi ba ya amsa kira, addu'a ce take isa gare shi, kuma ina yi masa. Ban kuma ga laifin kunyar da aka rene mu da ita ba. Uwata ta yi wa yayana, ta kuma so shi fiye da ranta. Sai dai Inna Kulu ta samu jikoki da madafi da tatsuniya. Ni kuwa ƙannen yaron nan sun san sunan, in na saka shi a tatsuniya za su gane, kuma ba zan ɗora wa yara nauyin amsa mini ba.

Ranar Jumma'ar da ta wuce ruwa ya wuni. Ya ɗauke dab da magariba, mahaifinsu ya fita masallaci, yaran suna ɗaki. Na ɗebi ganye na zagaya bayan ɗaki don in duba ko ruwa ya shiga ramin. Na durƙusa, na sa hannu, yashin a bushe yake. Ban tashi ba. Na daɗe a haka har gwiwoyina suka jiƙe.

Na kai bakina ramin na ce, "Junaidu."

Nauyinsa ya ba ni mamaki. Suna ne da na ji a bakin kowa, malamansa da abokansa da mai rake na bakin titi, amma a nawa bakin sabo ne fil, kamar ranar da aka raɗa shi.

Daga cikin ramin aka saki wani dogon huci. Na san haka kunkuru yake yi in ya ja kansa ciki. Duk da haka ban ɗaga ido ba, ban kuma waiwaya ba, don bayana ruwa yana ɗiga daga bakin kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ba aike ba ne. Kwanta abinka."

Na ajiye ganyen a bakin ramin, na je na yi alwala.