Zaren da Auta Ta Haɗiye

Duk layin ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Kar-a-taɓa ake ce masa, shi ma har ya saba amsawa. Tela ne, kuma a zamaninsa in ya ɗinka maka wuyan riga, sai ka juya ciki ka juya waje ba ka gane inda allura ta bi ba. Sai dai halin nan nasa. Almakashinsa kar a taɓa, kekensa kar a taɓa, ko allura ce ta faɗi ka tsinta ka miƙa masa, kallon da zai yi maka sai ka ɗauka zaginsa ka yi. Masu koyo sun zo sun tafi, wanda ya fi daɗewa guga kaɗai ya iya. 'Yarsa ma, wadda yake kira Uwata, tun tana ƙarama take raɓewa a ƙofar shago tana cewa, "Baba, nuna mini ko ɗinkin maɓalli ne." Amsarsa ɗaya ce: "Sai kin ƙara girma." Ta girma, ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo gida ta kama aiki a gidan burodi, har yau ba a nuna mata ba.

Yanzu tsufa ya sauka a hannun. Rawa yake, na dama ya fi, shi ya sa in baƙo ya shigo sai ya tura shi aljihu. Aiki ya ja baya, sai faci da rage tsawon wando. Shagon ɗakin ƙofar gida ne, kuma in Uwata ta fita da safe, ba mai leƙo shi sai Auta.

Auta 'yar budurwar kaza ce, ja mai ɗigon fari. Ita kaɗai ta tsira cikin 'yan tsakin da shaho da ciwo suka ƙarar, Uwata ta raine ta a kwali gefen gadonta. Kullum za ta fita sai ta ce, "Baba, don Allah kar ka bar ta shiga shago, zare ya yi yawa a ƙasa." Ya ce to. Tana juya baya ya buɗe ƙofa. Auta ta shigo ta yi ta tsince-tsince ƙarƙashin keke, shi kuwa yana ba ta labarin rigunan da ya ɗinka a da. Shara kuma, tunda yake bai taɓa riƙe tsintsiya ba, kuma bai yarda a share masa ba, kar a kwashe masa allura.

Wata safiya Uwata ta shigo da kazar a hannu.

"Baba, taɓa nan."

Ya taɓa gindin wuyan, wurin 'yar jakar da abinci ke fara sauka. Da safe ya kamata a ji ta wayam. Wannan kuwa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwallo, bakin kazar na warin tsami.

"Ta shiga shago?"

"Wane shago?" in ji shi, yana duban bango.

Suka hana ta hatsi, sai ruwa. Uwata ta riƙa ɗiga mata mai a baki tana murza jakar a hankali, safe da yamma. Ta je wurin likitan dabbobi, aka ce ya yi tafiya sai ƙarshen mako. Auta kuwa sai ƙara lafewa take, fukafukai sun sauka, ido a lumshe.

Mahauci, abokin Tela tun ƙuruciya, ya biyo ya latsa wurin da babban yatsa.

"Tsoho, wannan ai ba ta kai ƙarshen mako. Ku kawo wuƙa tun da sauran nama a jikinta."

"Kai komai ka gani wuƙa! Ran da ka yi zazzaɓi me ya hana mu kawo maka ita?"

"Ni ai na yi tauri, ba mai iya tauna ni." Ya dubi Uwata, ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya sassauta murya. "'Yata, akwai masu tsaga wurin su kwashe su ɗinke, wata ta tashi, wata ba ta tashi. Amma jakar nan ta fi ledar burodinku laushi. Sai mai hannu."

"Ga mai hannu a zaune," in ji Tela. "Ni da na ɗinka siliki."

Bayan mahauci ya tafi, Uwata ta ce a hankali, "Baba, hannunka fa."

"Me ya sami hannuna?"

Ta dubi aljihun da ya tura hannun. Ita ke goge shayin da yake zubarwa kowace safiya.

Suka shimfiɗa tsumma mai tsabta kan teburin yanka yadi, kusa da taga. Sabuwar reza, ruwan zafi da gishiri. Uwata ta naɗe Auta a tawul ta riƙe. Ya dafe hannun dama da na hagu, ya tsaga fata, ya tsaga jakar kaɗan. Sai ga abin ya fito, dunƙule guda, zare ja da kore da shuɗi sun sarƙe da ciyawa da ruɓaɓɓen hatsi. Ya gane shuɗin, na wandon wani direba ne da ya yi wa faci. Uwata ta dubi dunƙulen, ta dube shi, ta ci gaba da riƙon kazar. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

Saura ɗinki. Ya ɗaga allura wajen haske, zare ya bi ta gefe. Ya lasa, ya sake, ya sake. Allurar kanta rawa take.

"Baba, tana zubar da jini. Kawo."

Ya miƙa mata. Tunda aka haife ta, ranar ta fara riƙe allurarsa. Ta zura zaren nan take. Ya karɓi riƙon kazar, ita ta sunkuya.

"Jakar ciki tukuna, fata daga baya. Kusa da baki. Kar ki ja da ƙarfi."

Ta soka, ta ja, ta ƙulla. Ɗinkin ya karkace, amma ya kama. Ta sake, shi ma ya kama.

"Wannan wane irin ɗinki ne? Buhu kike ɗinkewa?"

"Baba, bari in gama."

"Tazarar ta yi yawa! Ba haka ake yi ba, kawo nan!"

Kafin ta ce wani abu ya fizge allurar, zaren na jikin kazar. Hannun ya yi abin da ya saba. Jakar ta yage ƙasa da inda ya tsaga, Auta ta yi wani ɗan ƙara ta mimmiƙe ƙafa.

Shi da kansa ya ajiye allurar a tebur. Uwata ta ɗauka ta harhaɗa abin da zai haɗu, hawaye na ɗiga a tawul. Wannan karon bai gyara mata komai ba.

Auta ta kwana a kwalinta. Gari ya waye ta sandare.

Uwata ta binne ta bayan ɗaki, ta wanke hannu, ta ɗauki jakarta. Da za ta wuce ta shago, ta tarar da shi zaune, ya ajiye ƙyalle da maɓalli da allura a bakin tebur, ta wajen ƙofa.

"Uwata, ɗinkinki na jiya... ya kama fa. Da na bar ki." Ya tura ƙyallen gaba kaɗan. "Zo in nuna miki na maɓalli."

Ta daɗe tana kallon maɓallin.

"Baba, zan makara."

Ta ɗauki allurar ta soke ta a ɗan matashin allurai, kar ta faɗi, ta fita. Ya bi bayanta da kallo har ta sha kwana. Sannan ya tashi ya shiga cikin gida neman tsintsiya, ya tsaya tsakar gida yana waige-waige, don bai san inda ake ajiye ta ba.